Sunan Ɗan Farina a Bakin Baƙi

Na zo garin nan bayan faɗuwar dogayen benayen nan biyu da jiragen sama suka doka, tun ana duban mai lulluɓi a jirgin ƙasa kamar ta ƙunso wuta a zaninta. Wankan jego aka kira ni in yi wa matar ɗana na fari. Na ce in an yi arba'in zan koma Kano, ga ni har yau. Shi kuma Allah ya karɓi abinsa a shekarar korona, lokacin da kukan ambulan ya zama shi ne abin da muke ji in mun tashi, shi ne in mun zauna. Abin da zan ba da labarinsa kuwa ya faru ne a shekarar da hayaƙin gobarar daji ya taso daga arewa ya rina sama ta yi ja kamar tofin goro. Jaririyar da na zo yi wa wanka a lokacin ta isa aure, amma ba miji ta kawo mana gida ba, jita ta kawo.

Sai na fara gaya muku wani abu, don 'ya'yan yanzu ba su san shi ba, waɗanda suka sani kuma sun mai da shi abin dariya. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Uwata ba ta taɓa kiran yayanmu da sunansa ba har ta koma ga Mahaliccinta, kakata ma haka. Nawa tun da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mata Inna, ni kuma yana ce mini Yaya. In zan kira shi in ce "kai", in zan yi maganarsa in ce "wancan". Ko mai sunansa na gamu da shi a kasuwa, wani suna nake laƙaba masa. Ya girma, ya ƙetaro nan, ya yi shekaru yana shimfiɗa jakunkuna da agoguna a Canal Street sanyi na cin yatsunsa, har ya samu tasi. Da na zo na zauna a gidansa, ban sauya ba, shi ma bai nemi in sauya ba. In na dafa shinkafa da wake nakan kankare ƙanzon in rufe a kwano in tura bayan tukunya, ba na cewa na wane ne. In ya dawo daga aiki can yake nufa.

A benenmu na unguwar Mount Hope kowa ya san ni da wannan. In na ga yarinya a taron suna ta rungume ɗan farinta tana sumbatarsa, tana ƙwala masa kira kamar mai tallan goro, ba na haɗiye maganata. Nakan ce, "Ke, ba a haife ki a gaban manya ba ne?" Wasu su ji haushi, wasu su sauke yaron. Ban taɓa zuwa makaranta ba, ban iya rubuta ko alif na boko ba, amma in ana maganar kunya ni ake nunawa da baki.

Ranar da zai cika, wata nas ta kara masa waya a asibiti, muna ganinsa yana ganinmu. Matarsa na kuka, 'yarsa na kuka. Aka miƙo mini wayar. Na ce, "Sannu. Allah ya sawwaƙe." Ya ɗaga yatsa. Shi ke nan. Ba mu ga wankansa ba, ba a yi zaman makoki ba, gaisuwa duk ta waya aka yi ta, kowa na rufe a ɗakinsa kamar kaji a akurki. A ƙasarmu da mata sun cika tsakar gida, da na zauna a cikinsu na daure, daurewar ta yi ma'ana domin akwai masu gani. Nan kuwa bango kawai nake daure wa.

Bayan matarsa ta fita takaba ta koma aiki, wata rana da hantsi ina tuƙa tuwo, na ɗauka babu kowa a gidan. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na san malamai ba sa son a haɗa mutuwa da waƙa, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Abin da na ce shi ne:

Na haife ka na kau da kai,
wata ta goya, ni na bi ku da ido,
yau ɗakin ba kowa, bari in kira ka.

Sai na kira shi. Da sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa. Na kira na sake kira, muciya a hannuna, har tuwon ya kama. Na share fuskata na kwashe abin da ya kwasu. Ashe jikata tana ɗaki a kwance, ashe ta danna waya ta ɗauke ni tun daga farko har ƙarshe. Ba ta ce mini komai ba. Shekaru suka wuce ba ta ce komai ba.

Ita wannan jikar tawa ƙawata ce, tare muke kwana ɗaki ɗaya tun tana shan yatsa. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar sai ta gauraya da Turanci kamar gero da tsakuwa. Bayan rasuwar ubanta ta shiga wani kiɗa da wasu yara. Akwai wani dogo ɗan Afirka ta Kudu mai sanya hula kamar kwano, shi ke buga kiɗan garinsu da na'ura, kwaito suke ce masa. Tafiyarsa a hankali take, da nauyi, kamar raƙumi ya ɗauko gishiri, yana dukan mutum a ƙirji. In da a nan suka tsaya da ban ce komai ba, don ko ni na taɓa kama ƙafata tana motsi. To a kan wannan sai su ɗora na Turawa, wanda suke kira hadko: jita mai ƙara kamar ana yanka kwanon rufi da zarto, ganguna kamar ƙanƙara a kan mota, ita kuma ƙawar tawa ta kama abin magana tana ihu har jijiyoyin wuyanta su miƙe. Ɗaya na tafiya, ɗaya na gudu, wai kuma tare suke. Na ce mata, "Ƙawata, wa ya taɓa ki? Faɗa mini in rama miki, ki daina wannan kururuwa." Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ba ki gane ba." Na bar ta. Marainiya ce, in ihu zai rage mata zafi ta yi.

A wajen wankin kaya na ƙasan layinmu na ji labarin. Muna zaune muna jiran inji ya gama juyi, ni da aminiyata 'yar Kumasi, mai sayar da wake da shinkafa a gida, da wata 'yar Maraɗi da muke gaisawa sama-sama, don na taɓa yi wa 'yarta faɗa a kan ɗan fari. 'Yar Kumasi ta ciro waya tana murna, da zuciya ɗaya, Allah ya sani.

"Ei, Hajiya! Ashe zabiya muke zaune da shi ba mu sani ba? Jikanki ya sa ki a waƙa, yara duk suna ji!"

Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ɗaya. Na ce wace waƙa. Ta danna. Kiɗan raƙumin nan ya fara, sai na ji wata tsohuwa tana rera abu, har da ƙarar muciya a tukunya. Kafin in gane muryar wace ce, sunan ya fito. Daga bakina. A gaban inji, a gaban wasu mata masu yaren Sifaniyanci da ke ninke zannuwan gado. Yana fita jitar nan ta faɗo a kansa kamar an saki karnuka.

'Yar Maraɗi ta ajiye rigar da take ninkewa. Ta ce, "Wagga murya kamar na san ta. Hajiya, ba sunan babban ɗanki ne wannan ba?" Na kau da kai. Ta ce, "Ikon Allah. Mu da muke kira a tsakar gida an ce ba mu da kunya. Ashe jira ake a samu makaɗa."

Na miƙe. Wanda aka tuɓe a kasuwa ba ya tsayawa cacar baki. Na bar kayan a inji na hau sama. Jikata ba ta nan, uwarta ta ce ai sun tare wajen shiri, ranar Lahadi da rana suna da wasa a Brooklyn. Na ce, "Kin san da wannan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, na ji, na rasa yadda zan gaya miki." Na ce, "Kin kyauta. Ke da kika san gida, kika bari aka kai ni dandali." Na kira yarinyar a waya ba ta ɗauka ba. Ta san dalili.

Ranar Lahadi ina idar da azahar na ɗaura zanina na fita unguwa, na yafa mayafi, na ce wa 'yar Kumasi, "Ke kika jiyar da ni, ke za ki kai ni." Tana ta ba ni haƙuri a jirgi, ni ko kallonta ban yi ba. Wurin wani ɗakin ƙasa ne a ƙarƙashin shagon gyaran keke. Rana tsaka a waje, ciki duhu da warin gumi. Wani mai zobe a hanci ya tare ƙofa yana son ya kama hannuna ya buga mini hatimi kamar buhun gyaɗa. Na dube shi sau ɗaya, ya matsa.

Abin da na gani a ciki, in ba don idona ya gani ba da na ce ƙarya ne. In kiɗan nan mai nauyi yana tafiya, sai su yi ta rangaji tare, kafaɗa na bin kafaɗa, har da kyau. Da jita ta shigo sai su watse su auka wa juna, ture, bangaza, wani ya hau kan mutane ana miƙa shi hannu-hannu kamar gawa. Ba faɗa ba ne, don in ɗaya ya faɗi su suke ɗaga shi. Farare, baƙaƙe, masu koren gashi. Ga jikata can a gaba, ta ɗaura ɗankwalina na atamfa a damtse.

Sai aka yi tsit. Sai ƙarar muciyata. Suka ɗaga hannuwa sama, sun san abin da ke zuwa. Muryata ta ce bari in kira ka, ɗakin nan gaba ɗaya ya buɗe baki ya kira tare da ni. Sunan da na riƙe a bayan haƙorana tun ina yarinya mai ɗanyen jego, sunan da ban faɗa a ranar aurensa ba, ban faɗa a ranar mutuwarsa ba, ga shi a bakin wani ƙato mai zanen maciji a wuya, ko faɗarsa bai iya ba, yana tsalle a kai.

Ban san yadda na ratsa su ba. 'Yar Kumasi ta ce da gwiwar hannu na yi ta buɗe hanya. Na hau ɗan dandamalin, na fizge abin maganar daga hannun jikata. Na ce musu, "Ku 'ya'yan wace uwa ce? Wa ya ba ku? Kun san shi? Kun taɓa ganin yatsunsa sun tsage da sanyi? Ku rufe mini baki, marasa mafaɗi!" Suka ɗauka cikin wasan ne. Suka yi ta tafi, suna ihu, suna nuna ni da waya, sun gane ni ce tsohuwar cikin waƙar. Mai ganga ma ya fara bin maganata da duka. Ina zagi ana rawa. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa wulaƙanta ni irin na ranar ba.

Dogon nan ɗan Afirka ta Kudu ne ya kashe na'urarsa. Ya ɗaga wa mai ganga hannu, komai ya tsaya. Ba ya jin Hausa, fuskata ya duba. Muka fita ta ƙofar baya zuwa wani lungu mai kwandunan shara, ni da jikata da shi da 'yar Kumasi.

Na ce, "Ɓarauniya."

Ta ce, "Kaka..."

"Kada ki kakace ni. Kin laɓe kin sace abin da ba naki ba. Da zinarina kika ɗauka da na yafe miki tun a jirgi."

Tana haki, gumi na zuba. Ta ce da Hausarta mai tsakuwa, "Babana ne. Ni ma nawa ne. Ban taɓa ji kin faɗa ba, sai ranar. Shi bai ji ba ko sau ɗaya. Yana mutuwa kika ce masa sannu. Sannu, Kaka! Kamar wanda ya yi tuntuɓe!"

Na ce, "Ke kika san abin da ya ji? Shekara nawa gare ki? Kafin a san za a haife ki nake ce masa sannu yana gane abin da ke ciki. Ku nan komai sai kun faɗa, ku gaya wa uwa kuna son ta, ku gaya wa kare, ku gaya wa mai kawo abinci, har maganar ta zama ruwan wanke hannu. Ni abu ɗaya na ajiye ban taɓa kashewa ba. Rana ɗaya na buɗe shi, ni da Allahna da tukunya, kika kwashe kika watsa wa 'yan tsalle."

Ta ce, "Ba tsalle kawai ba ne. Suna kiransa. Ba a yi masa taro ba, Kaka. Ba wanda ya zo. Yanzu duk Lahadi ana kiransa."

Na ce, "Taron mamaci addu'a ce da sadaka. In taro kike so ki zo in dafa, mu kira mutanen da suka san shi. Waɗannan ko sunan ba su iya ba."

Dogon ya tambayi 'yar Kumasi me ake ciki, ta fassara masa da Turanci. Sai na ga ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya yi magana a hankali, 'yar Kumasi ta juyo mini da ita. Wai a garinsu kakarsa ba ta faɗin sunan surukinta, ko kalmar da ta yi kama da sunan kauce mata take yi, har ta mutu. Wai jikata ta ce masa waƙar raino ce, bai san suna ne irin wannan ba. Ya ce a ba ni haƙuri. Na ce a gaya masa shi ya fi wadda na yi wa wanka hankali.

Na juya gare ta na ce, "Ki cire muryata. Ko'ina kika sa ta ki cire. In kin bar ta, na rantse ba za ki ƙara jin ta ba, ko a waya ko a ɗaki. Zan zauna da ke kamar bango har a kai ni inda aka kai ubanki."

Ta san ba na rantsuwar banza. Ta yi kuka, ta yi Turanci mai yawa wanda ban nemi a fassara mini ba. Ta kwance ɗankwalina daga damtsenta ta miƙo mini, na ce ta riƙe, ba shi na zo karɓa ba.

Ta cire. Wannan zan faɗa mata, 'yar ubanta ce, in ta ce za ta yi to za ta yi. Ta sauke waƙar daga inda suka ɗora ta, dogon ya goge muryar daga na'urarsa a gabana, ya hau har benenmu don in gani, ko da yake ni ban san abin da nake kallo ba. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane kuwa, ta ce ba ta da iko da shi, kamar gero ne aka zubar wa kaji. Ta kwashe kayanta ta koma wajen ƙawayenta, muka yi watanni sai gaisuwar salla.

Da sanyi ya shigo, 'yar Kumasi ta zo mini da waya kuma, wannan karon tana ɓoye ta a bayan zani. Na ce kawo, na riga na ga abin da ya fi wannan. Wani wasan nasu ne, ɗakin ya fi na da girma. Suka zo daidai wurin sunan a waƙar nan. Babu muciya, babu tsohuwa. Dogon ya ɗauke hannunsa daga na'ura, jikata ta sauke abin magana ta rufe bakinta gam, ta dubi ƙasa. Ba ta faɗa ba, na duba leɓenta da kyau. Su ne suka faɗa. Ɗakin gaba ɗaya, babu wanda ya ja musu baki, sun riga sun haddace. Suka kira shi, suka sake kira, sannan jita ta faɗo.

Na mayar mata da wayarta. Muryata na nema, an ba ni. Sunan kuwa ya fita, ba ni da igiyar da zan ɗaure bakin garin nan. Kada wani ya zo ya ce mini ai abin ya yi kyau, an sha gaya mini, har da masu carbi a hannu. Ni ban ga kyansa ba. Wanda bai taɓa riƙe abu a bakinsa har gashinsa ya yi fari ba, ba shi zai gaya mini yadda ake ji in an ƙwace ba. A taron suna kuma na daina yi wa kowa faɗa, ba don na sauya ra'ayi ba, don na san amsar da ke jirana.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, 'yar Maraɗi ta koma gida ta rasu can, na aika gaisuwa, Allah ya ji ƙanta, bakinta dai ya huta. Matar ɗana tana nan, ta yi aure a Park Hill, takan hau jirgin ruwa ta kawo mini man shanu. Dogon yana nan, in ya gan ni a hanya har yanzu cire hula yake yi. 'Yar Kumasi tana nan, gwiwa ta hana ta hawa bene, sai ni ke sauka. Jikata tana nan, tana ihunta, ranar Juma'a takan zo in yi mata kitso, in ja gashin da ƙarfi, ba ta cewa komai. Ni ma ina nan, a hawa na huɗu, lifta ta lalace tun kafin azumi.